Kafin a Kwashi Jama'a Zuwa Filin Golf na Gaɓar Teku: Yadda Ake Zuwa Duba Wuri Daga Zariya

Duk ƙungiyar 'yan golf da ta yi niyyar tashi daga Zariya ta je wasa Legas ko Uyo ko Kalaba, kafin ta karɓi ko kwabon wani, ya kamata ta tura mutum biyu su je su taka filin da ƙafarsu, su kwana a masaukin da ake son saukar da jama'a, su bi hanyar da motar ƙungiya za ta bi a daidai lokacin da za ta bi ta. Na san abin da ma'aji zai ce: ga hotuna a waya, ga lambar sakataren kulob, me zai sa a biya kuɗin jirgi da otal na mutum biyu? Amsar ita ce hoto ba ya nuna hawan da ke tsakanin wannan rami da wancan, wanda dattijo mai ciwon gwiwa ba zai iya ba, kuma wanda ka kira a waya "babu matsala" zai ce maka, don shi ma bai san jama'arka ba. Gani ya kori ji. In aka raba kuɗin tafiyar mutum biyu kan mutum 16, bai kai asarar da za a yi ba idan aka isa aka tarar ranar gasar 'yan kulob ce, an rufe fili ga baƙi.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu mu 'yan Arewa musamman. Wanda ya koyi wasa a Zariya ya saba da busasshiyar ƙasa. Da rani, in ka buga ƙwallo ta sauka, sai ta yi ta gudu kafin ta tsaya. Da yawa daga filayen Arewa an san su da birawun, wato da'irar yashi da ake gyarawa a kewayen rami, inda ake share maka hanya kafin ka tura ƙwallo. A manyan filayen kudu ciyawa ce ake aske ta ƙasa-ƙasa, ƙwallo na karkata da kwanciyar ƙasa da kwanciyar ciyawar. Ƙasar tana da laushi, inda ƙwallo ta faɗi nan take tsayawa. Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, Legas kuwa daidai take da teku, don haka ƙwallo ma takan ɗan rage nisa a sama. Wanda ya saba kaiwa rami da sanda mai lamba 7 zai iske sai ya ɗauki mai lamba 6, wani lokaci 5, domin sanda mai ƙaramar lamba ta fi kai ƙwallo nesa. In ba wanda ya je ya gwada ya dawo ya faɗa, ranar farko ta tafiya a ɓacin rai take ƙarewa.

Mataki na farko: ku san waɗanda za ku kwasa

Wannan aiki a gida ake yin sa, kafin a sayi tikiti. A zauna da takarda a rubuta sunan duk mai niyya, shekarunsa, handikaf ɗinsa (wato lambar da ke nuna matsayin iya wasansa), da ko zai iya tafiyar rami 18 da ƙafa. Zagaye ɗaya tafiya ce ta kusan kilomita 8 ko fiye, a cikin zafi mai gumi wanda ba irin namu ba. A rubuta masu hawan jini da masu ciwon suga, waɗanda ba sa jure jinkirin abinci. A rubuta wa zai zo da iyalinsa, da wa yake son ɗaki shi kaɗai, da wa zai haɗa da wani. Manya ba sa son a tambaye su lafiyarsu a bainar jama'a, saboda haka kyaftin ya keɓe da kowa. "Ranka ya daɗe, in filin yana da hawa, a nema maka 'yar mota ko za ka taka?" Tambaya ce ƙarama, amma amsarta ce za ta nuna wane fili ya dace da ku.

Wannan takarda ita ce idon masu zuwa duba wuri. Ba don kansu za su je ba. Za su kalli komai ne da idon wanda ya fi kowa rauni a cikin tawaga.

Mataki na biyu: zaɓen wurare da neman izinin shiga

Ya kamata a faɗa wa jama'a gaskiya tun farko: yawancin filayen da muke kira na gaɓar teku a Najeriya suna cikin biranen gaɓa ne, ba a bakin ruwan teku suke ba. Wanda ya ga St Andrews ta ƙasar Sukotland a talabijin, fili a kan tuddan yashi, iska na kaɗa guntuwar ciyawa, teku na gefe, kada ya zaci haka zai tarar a Ikoyi.

A Legas akwai sashen golf na Ikoyi Club 1938, mai rami 18, a tsakiyar gari. Kulob ne na mambobi, ba a faɗa masa haka kawai, sai da gayyatar ɗan kulob ko wasiƙa tsakanin kulob da kulob. Akwai Lakowe Lakes a yankin Ibeju-Lekki, kan hanyar Lekki zuwa Epe, shi ma rami 18, cike da tafkuna, kuma akwai wurin kwana a cikin rukunin. A jihar Akwa Ibom akwai filin Ibom kusa da Uyo, wanda yake haɗe da otal, a cikin dajin kwakwar manja, ƙasar mai hawa da gangara. Kalaba da Fatakwal duk suna da kulob ɗin golf. In ana son ƙetare iyaka, Ghana ce mafi sauƙi, domin ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a ƙasashen ECOWAS na zaman da bai wuce kwana 90 ba. Akwai Achimota a Accra, akwai Celebrity a Sakumono wajen Tema. Masu son ganin teku sosai suna buga ƙwallo sai su duba Mazagan da ke El Jadida a Maroko, wanda fitaccen ɗan wasan golf Gary Player ya tsara a gefen Tekun Atlantika, ko filayen Mombasa a Kenya. Waɗannan kuwa sai an fara binciken takardun shiga ƙasa, kuma a riƙe katin rigakafin shawara a duk tafiyar waje.

Shawarata ga ƙungiyar da ba ta taɓa fita ba ita ce ta fara da cikin gida, kuma kada a zaɓi fili fiye da uku na dubawa a gari ɗaya. Sakataren kulob ɗinku ya rubuta wasiƙa a takarda mai tambarin kulob, ya gabatar da mutanen biyu, ya faɗi yawan tawagar da ake shirin kawowa da watan da ake so. A aika mako biyu ko uku kafin tafiya, a bi da kiran waya. Wasiƙar nan ita ce ke bambanta ka da mai yawon buɗe ido. Da ita ake kai ka ofishin kyaftin, ba tare da ita ba a bakin ƙofa za ka tsaya kana bayani.

Mataki na uku: wa za a tura, kuma yaushe

Mutum biyu, masu hali daban. Ɗaya ya iya wasa sosai, yadda zai auna wahalar fili. Ɗayan ya iya ciniki da lissafi, mai haƙurin karanta takarda har ƙarshe. In da mata a cikin tawaga, masu wasa ko masu rakiya, a tambaye su abin da suke so a dubo, a rubuta, ko ma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin mata ta kasance a tafiyar. Namiji zai leƙa ɗakin canjin kaya na maza ya ce komai lafiya, bai san na mata a kulle yake ba.

Batun lokaci yana da sarƙaƙiya. A Legas ruwan sama yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya fi tsanani a Yuni, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Kalaba da Uyo sun fi Legas ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris ne aka fi samun sararin wasa. Sai dai Disamba watan cunkoso ne: otal-otal na Legas kan cika, farashi ya tashi, Kalaba kuma tana bikinta na shekara-shekara na raye-raye a tituna, wato Calabar Carnival. A namu ɓangaren, ƙurar hunturu takan jinkirta tashin jirage a Kano da Kaduna a Disamba da Janairu. Don haka Nuwamba da Fabrairu su ne watannin da na fi so. A duba kalandar Musulunci tun da wuri, kada ranar ta faɗo cikin azumi ko daf da Sallah.

Masu dubawa su tafi wata biyu zuwa uku kafin ranar, kuma su zaɓi irin ranakun da tawaga za ta yi. In Juma'a zuwa Lahadi za a yi, kada a je dubawa ran Talata. Filin da ya zama wayam ran Talata, ran Asabar da safe layi ake yi.

Mataki na huɗu: ku bi hanyar da jama'a za su bi

Aikin dubawa daga ƙofar gida yake farawa. Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano kusan ninkin haka. Wasu sukan fi son hawa jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja, su hau jirgin sama daga can, musamman masu zuwa Uyo ko Kalaba. Duk wadda aka zaɓa, a riƙe agogo: ƙarfe nawa aka bar PZ ko Kwangila a Zariya, ƙarfe nawa aka isa filin jirgi, minti nawa aka yi a layin kaya.

Ɗaya daga cikinku lallai ya tafi da jakar sandunansa cikakkiya. Ta haka ne kawai za ku san yadda kamfanin jirgin yake ɗaukar ta. Jakar golf da sanduna 14 da takalma da ƙwallaye, a cikin rigarta ta tafiya, tana iya kai kilo 15 ko fiye. Ku tambaya a kanta: cikin kilon da aka ba fasinja ake lissafa ta ko kuɗinta daban? In mutum 16 suka zo da jaka 16 a ƙaramin jirgi, duk za su shiga tashi ɗaya? Ku nemi a ba ku amsar a rubuce. Kafin a rufe jaka, a naɗe kawunan dogayen sanduna da tawul, a cusa sandar tsintsiya da ta ɗara su tsawo, don in an jefar da jakar ita ce za ta sha dukan.

In kun sauka a filin jirgin Legas da ke Ikeja, gwajin gaske ya fara. Zuwa Ikoyi akan bi gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Zuwa Ibeju-Lekki kuwa sai an ratsa Lekki da Ajah, kuma bambancin bin hanyar nan da sassafe da bin ta da yammacin Juma'a na iya zama awoyi. Ku bi ta a lokacin da tawaga za ta bi. Ku ga motar da za a yi haya da idonku, ku buɗe bayanta. Bas mai kujera 18 ba ta ɗaukar mutum 16 da jakunkunan golf 16 da akwatuna. Sai an ƙara motar kaya, ko a ɗauki babbar bas a bar kujerun baya ga jakunkuna. Ku kunna na'urar sanyaya motar ku ji, ku dubi tayoyi, ku karɓi lambar direban da kansa, ban da ta mai motar.

Mataki na biyar: a cikin fili

Nan ne ya kamata a daɗe. Ku buga rami 18 cif, a sa'ar da tawaga za ta fita, kuma ɗayanku ya taka da ƙafa ko da akwai 'yar motar fili.

Ku isa awa ɗaya kafin lokaci. Ku lura da mai gadi, da inda ake sauke jaka, da wanda ke karɓa. Ku je wurin gwajin bugu ku ƙirga mutum nawa yake ɗauka a lokaci guda. Sannan ku yi minti 20 a wurin gwajin tura ƙwallo rami. Wanda ya saba da yashi hannunsa yana da nauyi, kuma a ciyawa mai santsi bugun da ya saba yi zai wuce rami da taku uku ko huɗu. Ku ajiye ƙwallo uku a nisan taku goma, ku tura su ta gangara, ku dawo ku tura ta hawa, ku ɗauki bidiyo. Wannan ɗan bidiyo ya fi duk bayanin da za ku yi wa jama'a a gida.

A kan kowane rami, ɗayanku ya riƙe littafi ya rubuta abu uku: nisan da dole ƙwallo ta tsallake kafin ta sami busasshiyar ƙasa, tsawon tafiya zuwa rami na gaba, da inda inuwa take. Na farkon shi ne mafi muhimmanci. Akwai ramin da daga wurin bugun farko sai ka tsallake ruwa ko fadama. Matashi mai ƙarfi bai ma lura da shi ba. Dattijon da bugunsa bai wuce yadi 140 ba zai zuba ƙwallo uku a ruwa, ga mutane a bayansa suna jira, ga kunya. Ku duba ko akwai wurin bugu na gaba, wanda aka matso da shi kusa, ku tambaya ko za a yarda manyanku su yi amfani da shi. Ku ƙirga ƙwallo nawa ku kanku kuka ɓatar, don a faɗa wa kowa yawan da zai zo da su.

Ku kula da iska. A gaɓar teku safiya takan yi lumus, sai rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, iska ta fara busowa daga teku, ta yi ƙarfi bayan azahar. Ramin da kuka buga cikin sauƙi da ƙarfe takwas na safe wani abu ne daban da ƙarfe uku na yamma. Ku kula da gumi kuma. A Zariya gumi yana bushewa a jikinka, can kuwa ba ya bushewa. Kafin rami na shida safar hannu ta jiƙe, sanda ta fara zamewa. Kowa ya zo da safar hannu biyu ko uku, da ƙaramin tawul, da riga ta canji. Ku ƙirga wuraren shan ruwa a fili, ku ga ko da gaske akwai ruwa a ciki, ku ga ina banɗaki yake in mutum yana can ƙarshen fili. Mai ciwon suga zai gode muku kan wannan fiye da komai. Iskar gishiri tana sa ƙarfe tsatsa, don haka a goge sanduna a shanya jaka kowace yamma.

Sai kadi, mai ɗaukar jaka. Babu wanda ya san fili kamarsa, kuma ba shi da dalilin ƙawata maka magana. Bayan rami uku ko huɗu, in kun saba, ka tambaye shi: in an yi ruwa da dare, waɗanne ramuka ne ke cika? Wace rana ce 'yan kulob suka fi yawa? Yaushe ake huda ciyawar bakin rami a zuba yashi? Wannan aikin gyara ne da ake yi wa fili lokaci-lokaci, kuma in ya faɗo makon zuwanku, ƙwallo tsalle za ta riƙa yi a hanyar rami. Ka tambaye shi kadi nawa ne ke zuwa ran Asabar, don tawagar mutum 16 na buƙatar 16, ko aƙalla takwas masu ɗaukar jaka bibbiyu. Ka tambayi kuɗin da kulob ya yanka masa da abin da aka saba ƙarawa na alheri. A daidaita wannan tun daga gida, kowa ya ba da abu ɗaya. Ba daɗi wani ya ba da ninki uku, na kusa da shi ya ba da rabi, a bar yaran suna gunaguni a bayan tawagar da ta zo da sunan Zariya.

'Yan motocin fili kuma kada ku yarda da adadin da aka faɗa muku. Ku je inda ake ajiye su ku ƙirga masu tashi. Ku tambaya ko ana hana su shiga fili bayan ruwan sama, domin a wurare da yawa haka ake yi don kada su lalata ciyawa. In haka ne, dattijon da aka yi wa alkawarin mota me zai yi ranar? Ku tambayi kuma yadda ake sanar da 'yan wasa in an fara walƙiya, da inda ake fakewa. Mutum a sarari riƙe da sandar ƙarfe ba ya wasa da tsawa.

Mataki na shida: zama da sakatare

Bayan wasa, ku yi wanka ku canza kaya, sannan ku nemi ganin sakatare ko kyaftin. Ku fara da lissafin lokaci. Mutum huɗu ke fita tare, kenan mutum 16 rukuni huɗu ne. In ana barin minti 10 tsakanin rukuni da rukuni, na farko ya fita ƙarfe 7:00, na ƙarshe 7:30. Zagaye yakan ci awa huɗu zuwa huɗu da rabi, baƙin da ba su san fili ba kuwa a ba su biyar. Kenan na ƙarshe zai shigo wajen 12:30. In ran Juma'a ce, ga wanka, ga hanyar masallaci, lokaci ya ƙure. Mafita ita ce ranar Juma'a a buga rami tara kawai da safe, ko a mai da ita ranar isowa da hutawa. A tuna kuma Legas tana yamma da Zariya, alfijir da faɗuwar rana sukan yi jinkirin kusan kwata na awa a kan namu. A duba lokutan sallah na garin, kada a yi lissafi da na gida.

Daga nan sai kuɗi. Kuɗin fili na baƙo, na ranar aiki da na ƙarshen mako. Ragin da ake yi wa tawaga. Kuɗin kadi, na mota, na hayar sanduna ga wanda jakarsa ta maƙale a hanya. Nawa ne kafin alƙalami, kuma zuwa wace rana za a iya rage mutane ba tare da an yi asararsa ba? In ruwa ya hana wasa, ana mayar da kuɗi ko ana ɗaga rana? Ku tambayi dokar tufafi dalla-dalla: riga mai kwala, irin takalmin da aka yarda da shi, da ko ana shiga ɗakin cin abinci da kaftani da hula. Ku tambaya ko ana neman shaidar handikaf. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi, a sa hannu da hatimi. Kuɗi kuwa asusun kulob ko na otal kaɗai ake tura wa, mai sunan wurin, ba asusun wani ma'aikaci ba komai kirkinsa.

Abu ɗaya da nake roƙon kowace tawaga ta nema: wasan sada zumunci da 'yan kulob ɗin, a cakuɗa biyu namu biyu nasu a kowane rukuni. Su sun san fili, wasa zai yi sauri, kuma daga nan ake ƙulla zumuncin da zai sa su ma su zo Zariya. A tafi da 'yar tsaraba, ko da jakar fata ce ko hula mai kyau, a miƙa wa kyaftin ɗinsu.

Mataki na bakwai: masauki, abinci, sallah, asibiti

Ku kwana a wurin. Kada ku tsaya a ɗakin da aka nuna muku, ku ce a buɗe muku wasu biyu ko uku, har da mafi araha. Ku buɗe famfo, ku saurari ƙarar janareto, ku dubi tagogi saboda sauro. In akwai mashaya ko wurin kiɗa, ku nemi a ba tawaga ɗakunan da suka yi nisa da shi. Manya su samu ƙasa, ko kusa da lif mai aiki.

Ku shiga wajen mai dafa abinci ku yi magana da shi kai tsaye. Daga ina ake sayo nama, wa ke yankawa, ana dafa naman alade a kicin ɗin, kuma da tukwane ɗaya? In amsar ba ta kwanta muku ba, kifi da kayan lambu sun wadatar a gaɓar teku, ko a yi shiri da masu abinci na unguwannin Hausawa. A Legas akwai 'yan'uwa a Obalende, daf da Ikoyi, da Agege da Idi-Araba. A Kalaba akwai Bogobiri. A Accra akwai Nima da Sabon Zango. Ku tambayi ƙarfe nawa ake fara karin kumallo. In sai bakwai, alhali fita fili bakwai ne, a shirya shayi da burodi da ƙwai tun shida. Ku nemi ɗaki ko wani gefe mai tsabta na jam'in sallah, ku tabbatar da alƙibla, ku auna nisan masallacin Juma'a mafi kusa da mota. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuma a tambayi malami tun a gida, kowa ya tafi da sani.

Asibiti mafi kusa, ku je ƙofarsa. Ku ga ko yana aiki da dare, ku riƙe lambarsa, ku san minti nawa ne daga fili.

Waɗanda ba sa wasa ma a tuna da su. Hajiyar da ta biyo maigidanta ba za ta yi kwana uku tana kallon bango ba. A dubo inda za a kai su, bakin teku ko kasuwa, da motar da za ta kai su, da wanda zai raka su. A gargaɗi kowa, musamman matasa, cewa igiyar ruwan Atlantika a gaɓar Legas tana da ja. Wanda ya iya iyo a dam ɗin Shika ko rafin Kubanni kada ya ɗauka ya iya teku.

Mataki na takwas: rahoto da tara kuɗi

Kada a wuce mako guda da dawowa ba a kira taro ba. Rahoton ya zama shafi ɗaya ko biyu: wurin da kuka zaɓa da dalili, wanda kuka ƙi da dalili, jadawalin kowace rana da sa'o'inta, da jimillar abin da zai hau kan kowane mutum. A kan jimillar a ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ko-ta-kwana, saboda farashin tikiti ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ya ragu a mayar wa jama'a bayan an dawo, da lissafi a rubuce. A nuna bidiyon ciyawar bakin rami da hoton ramukan ruwa. In akwai wanda filin ya fi ƙarfinsa, kyaftin ya same shi a gida ya faɗa masa cikin ladabi: "Baba Alhaji, mun ga wurin. Rami tara na farko shimfiɗe suke, su muka tanadar maka, da mota."

A raba biyan kuɗi kashi uku, kamar zubin adashe, a sa ranar rufewa. Kashi na farko shi ne na kama ɗakuna da lokacin fita, kuma a faɗa a fili cewa ba ya dawowa in mutum ya fasa bayan ranar da kulob ya yanka. A raba aiki: mai kula da tikiti da kaya, mai kula da mota, mai kula da abinci da magunguna, mai tsara rukunonin wasa. Saura mako biyu a kira sakatare da otal da direba a sake tabbatarwa, a kuma maimaita kiran saura kwana biyu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka je dubawa ya riga tawaga isa da kwana ɗaya, ya karɓi makullan ɗakuna, ya rubuta sunan kowa a kan nasa, ya je filin jirgi da motocin biyu tun kafin jirgi ya sauka.